Jan da Kawu bai yarda da shi ba

An yi ruwa bayan azahar, gari ya washe, saboda haka da la'asar sakaliya na ɗauki kyamara muka hau Dutsen Dala ni da Auta. Sai da damina nake samun jan yamma na sosai, domin da hunturu ƙura kan disashe rana tun kafin ta kai ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Kawu bayan isha'i. Da na nuna masa hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai dai ka zuba masa kala a kwamfuta, yaushe saman Kano ta taɓa yin haka?" Na ce, "Kawu, wallahi ko kwamfutar ban kunna ba." Ya yi murmushi ya miƙo mini kyamarar.

Ban samu damar yi masa bayani ba. Idan aka bar kyamara a otomatik, takan ɗauki jan yamma a matsayin aibi, sai ta sirka shi da shuɗi domin fari ya fito fari, kuma duhun gidajen da ke ƙasa kan sa ta ƙara haske har sama ta koɗe. Shi ya sa na kai ma'aunin fari 6500 a lissafin Kelbin, na ajiye ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, a 100 da ƙofar haske a f/8, na auna haske daga gefen rana maimakon tsakiyarta, sannan na rage shi da mataki ɗaya. Gidaje suka koma baƙi, Goron Dutse ya zama inuwa, ja da ruwan goro suka zauna a gajimare. Duk wannan a gurguje ne, domin a nan Kano rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa, kuma ladanai sun fara kiran magariba.

Sai dai tun da na kwanta nake juya maganar. Hasken rana tsaka wajen 5500 yake, kuma na san sarai cewa 6500 yana ƙara wa ja ƙarfi kafin na zaɓe shi. Shin abin da idona ya gani na ɗauka, ko abin da nake so a ce na gani? Tunda a RAW na ɗauka, wato ɗanyen hoto da ake iya sauya masa ma'aunin fari daga baya, gobe zan fitar da shi a 5500 in kai wa Kawu duka biyun ba tare da na gaya masa wanne ne wanne ba.

Auta kuwa ya rantse ba zai sake hawa matakalar nan da jakar kyamara a kafaɗa ba.