Ginshiƙin da Na Cire da Baki

Shekaranjiya ina zaune da ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da fara aikin zanen gini ba, sai wayarsa ta yi ƙara. Mutumin da yake gina wa gida ne, yana so a cire ginshiƙin tsakiyar falo domin yana tare masa ido. Yaron nan ko takardar zanen bai buɗe ba ya ce, "An gama, ranka ya daɗe, gobe zan gaya wa birkila." Da na yi magana sai ya ce, "Kawu, ai ƙaramin abu ne, minti biyu zan goge shi a kwamfuta." Gabana ya faɗi, domin abin da na taɓa faɗa ke nan ina sa'arsa.

Gidan bene ne, ni na zana shi, ni kuma aka damƙa wa kula da aikin tun daga haƙan tushe har rufi. Injiniya ya yi lissafinsa, ya sa ginshiƙi a tsakiyar falo mai faɗin mita 6, wato bim ɗin, dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da dakin (shimfiɗar kankaren bene), yana hutawa bayan kowace mita 3. Mai gidan ya zo da yamma, ya ga rodin ginshiƙin a tsaye, ya ce shi ba ya son wannan abu a falonsa. Na ce a yanke. Ban kira injiniya ba, ban rubuta komai ba, sai dai na sa aka ƙara rodi biyu a bim da ƙiyasin ido. A lokacin ban san cewa idan tazara ta ninka biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa bim yana ninka huɗu ba. Ko kuwa na sani a littafi, amma ban ji shi a jikina ba.

Ba ina wanke kaina ba ne, amma aikina na farko ke nan mai girma, kuma mutumin yana da abokai uku da ke shirin gini. Wa zai so ya ɓata da irin wannan? Birkilan ma, wanda ya haife ni a shekaru, cewa ya yi ya ga wanda ya fi wannan faɗi kuma yana nan tsaye. Sai dai ba birkila aka ba amanar ba, ni aka ba. Na ƙara da wani kuskuren: kwana 10 da zuba kankare na bari kafinta ya kwashe turakun da ke tallafe da dakin, saboda ana gaggawar shafe. Alhali ƙarfin kankare a kwana 28 ake auna shi, kuma a mako guda kusan kashi biyu cikin uku kawai yake samu.

Bayan an ɗora bulon sama, tsaga ta fito a ƙarƙashin bim, daidai tsakiya. Na hau tsani na sa bakin makulli, ya shige. Ƙofar ɗakin da ke samansa ta daina rufuwa sai an danna da kafaɗa. Da aka zauna, mai gidan ya ce shi shawara kawai ya bayar, ni ne masani. Na daɗe ina jin haushin maganar nan, har yau ma tana sosa ni, amma gaskiya ya faɗa. Ginshiƙin ya dawo wurinsa, ya fi na da kauri, daga aljihuna aka biya, abokan nan uku kuwa ko ɗaya bai neme ni ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, ku sababbin masu zanen gini, amma ba su kai ba. Mai zane ba injiniya ba ne. Duk abin da ke ɗauke da nauyi, ginshiƙi ne ko bim ko tushe, kada ka taɓa shi sai wanda ya yi lissafin ya sa hannu. Duk canjin da aka nema, ko matsar da taga ne, a rubuta shi da kwanan wata da kuɗin da zai ci da kwanakin da zai ƙara, mai gida ya sa hannu kafin a ɗaga guduma.

Ka saurari mai gida, gidansa ne, kuɗinsa ne, shi zai kwana ciki. Amma kada ka saurare shi. Na san maganar ta ci karo, haka aikin yake: inda yake son taga nasa ne, abin da zai riƙe rufin a kan 'ya'yansa ba nasa ba ne.

Ku kuma yaran yanzu, gaggawarku ta ishe ni. Tun 1982 AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, yake, ba ku kuka fara ganinsa ba, kuma layi yake gogewa, ba ya goge nauyin siminti. Kuna zana gida mai ƙyalli a allo, amma ku je wajen aiki da tef ku auna tazarar rodi kafin a zuba kankare, sai ku ce lebura ya turo hoto ta WhatsApp. Hoto zai nuna maka ko an jiƙa dakin da ruwa yau? A ma'aunin 1:100, santimita ɗaya da ka ja da yatsa mita guda ce ta bulo da guminsa.

Na ce wa yaron ya kira mutumin ya gaya masa sai injiniya ya duba. Ya ce gobe da safe. Na miƙa masa wayarsa, ban tashi daga wurin ba sai da na ji ta shiga.