Bangon tsohon gida ba ya ɓoye gyaran da aka yi masa

Tsofaffin gidajen bene na jan bulo da ke jere a titunan Landan, da wuya ka sami wanda yake yadda maginin farko ya bar shi. Kowane mai gida ya zo ya taɓa nasa, kuma mai ido zai iya bin sawunsu tun daga bakin titi.

Fara da taga. Bayan babbar gobarar da ta ci Landan a 1666 hukuma ta tsorata da katako a fuskar gini. Dokar 1709 ta ce a tura firam ɗin taga ciki da inci 4, ta 1774 kuma ta ce a ɓoye akwatinsa, wato katakon da ke kewaye da tagar, a bayan bulo. Saboda haka in ka ga faffaɗan katakon taga daidai da fuskar bango, akwai alamar ginin ya girmi dokar farko, ko da yake magina sun yi shekaru suna jan ƙafa kafin su bi ta. Gilashin ma yana ba da labari. Tsohon tsari shi ne ƙananan gilasai shida sama, shida ƙasa. Da aka cire harajin gilashi a 1845, sai masu gida suka riƙa fasa sandunan da ke tsakanin gilasan suna sa manyan gilasai a tsohon rami.

Tagar da aka toshe da bulo, kowa sai ya ce gudun harajin taga ne, wanda aka karɓa bisa yawan tagogin gida daga 1696 zuwa 1851. Ba kullum ba. Duba bulon da kyau: in launinsa da layinsa sun tafi daidai da na bangon, tun farko aka gina ta a toshe don fuskar gidan ta daidaita. In kuwa akwai miƙaƙƙen layi daga sama har ƙasa inda bulo bai sarƙe da ɗan'uwansa ba, wannan aikin baya ne.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne wajen cike tsakanin bulo. Da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaura waɗannan gidaje, kusan awo 1 na farar ƙasa a awo 3 na yashi. Kwaɓin ya fi bulon laushi, ta cikinsa danshi ke fita, shi ne kuma ke zaizayewa a bar bulo lafiya. Simintin Portland, wanda wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista a 1824, ya juya lamarin. Ya fi tsohon bulo tauri, ba ya barin ruwa ya wuce, sai danshin ya koma cikin bulon. Sanyi na daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓanɓare, ka ga simintin tsaye cak, bulon ya lotsa kewaye da shi, sa hannu ka ji yana zubar da jan gari. Gyaran shi ne a ƙwaƙule layin simintin da ke tsakanin bulo da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗinsa, a jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kada ya bushe da gaggawa. Injin yanka kuwa gefen bulon yake ci.

A ciki, abin tsoro shi ne murhun bango da aka rushe a hawan ƙasa don ɗaki ya ƙara faɗi, aka bar bututun hayaƙin na sama da nauyinsa ba abin da ya tallafe shi. Hau bene ka duba gefensa. Tsaga mai gangarowa a karkace, ko ƙofar kusa da ta fara cijewa, sun isa a kira injiniya a sa ƙarfen tallafi tun kafin a yi maganar fenti.