Daga Gadarif zuwa ga malaman tarihi na gida

Assalamu alaikum, 'yan uwa, musamman malamanmu na Kano, Zariya da Sakkwato. Ina gaishe ku daga gabashin Sudan, da fatan kuna lafiya da iyali.

Kowane ɗalibin tarihi ya san Burmi. A can ne a 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka yada zango kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Yawancin darussanku nan suke tsayawa, alhali mu Hausawan Sudan a nan labarinmu ya soma.

Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, ita kuwa auduga hannu take so. Maniyyatan da suka biyo hanyar ƙasa guzuri ya yanke musu, su suka duƙa tsinka, kaka bayan kaka, suna tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu sun sauke farali. Da yawa nan suka haihu, suka ga jikoki, bakinsu bai daina cewa suna kan hanyar Makka ba. Akasari ba a yanka musu hawasha, wato gonar haya, sai dai kambo, bukkokin lebura a gefen gona. Aka haɗa mu da Fulani da Barebari aka kira mu Fallata, sannan takardar zama ɗan ƙasa ta zama wani sabon noman.

An yi bincike, kada mu ci haƙƙin kowa. Umar al-Naƙar ya rubuta tarihin aikin hajjin Afirka ta Yamma a 1972. Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno, littafinsa ya fito a 1981. Bawa Yamba ya bi mutanen Wad Madani, babban birnin Jazira, nasa a 1995. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya nazarci yadda Hausarmu ta sha Larabci. To amma waɗannan da na lissafa da Turanci suke, jikan mai tsinkar audugar ba zai karanta ba. Takardun Turawan mulki da ke ajiye a jami'ar Durham ta Ingila kuwa, idon mai mulki ne ya rubuta su. Yadda uwa take rarraba lada tsakanin abinci da asusun hajji, ko yadda agashe, wato gasasshen nama mai kama da tsire, ya mamaye titunan Khartum, wannan sai bakin tsofaffi.

Tsofaffin nan ne abin damuwata. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, jama'a sun watsu, wasu nan Gadarif, wasu Kasala, wasu sun riga mu gidan gaskiya a hanya.

Roƙona, malamai, ku ware ko ɗalibi ɗaya na digiri na biyu ga wannan aiki. Ba sai ya zo ba. Idan intanet ta samu, muna iya zaunar da dattijo gaban waya ya yi ta bayani ta WhatsApp, a naɗa, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna. A fara da mata, su aka fi tsallakewa.

Wassalam,
ɗan uwanku a Gadarif