«To» ba ta nufin an gane: abin da na koya a horon kwana uku a Tawa

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani gidan aikawa da karɓar kuɗi a cikin garin Tawa, kuma mafi yawan waɗanda ke tsayawa gaban tagata iyaye ne da matan ƴan ci-rani. Kowa ya san yankinmu na Adar ƙasar masu tafiya bida ce. Da an gama girbin hatsi samari ke kama hanyar Abijan ko Libiya ko Aljeriya, abin da suka aiko kuwa shi ke riƙe gidaje da yawa idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina. Saboda haka kuɗin da ke bi ta hannuna ba ƙananan kuɗi ba ne a wurin masu su, ko da jika biyar ce.

Da aka sanar da mu cewa wani malami zai zo daga Yamai ya horar da mu kwana uku a kan mu'amala da jama'a da zaman tare a wurin aiki, raina bai so ba. Na ce a zuciyata, mu da aka yi wa tarbiyya a gida, wa zai koya mana gaisuwa? Rana ta farko ma ba ta canza mini ra'ayi ba, domin an yi ta ne a kan sakin fuska da ajiye waya lokacin aiki. Akwai kuma wani darasi a cikin takardun da ya ce a riƙa kallon mutum cikin ido, wanda malamin da kansa ya ce mu tsallake shi, tun da a wurinmu yarinyar da ta ƙura wa dattijo ido rashin kunya ta yi.

A rana ta biyu ne ya nemi kowa ya kawo labarin wata rigima da ya taɓa yi da mai karɓar kuɗi, ni kuma na kawo tawa. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye wajen Keita, ɗanta ya aiko mata sefa 50.000. Na karanta mata abin da ke kan kwamfuta, na ce dubu hamsin, ta ce «to». Na ƙirga mata takarda biyar ta jika goma goma, ta ƙulle su a bakin zane, ta ɗan yi tsaye kamar mai jiran wani abu, sannan ta fita. Bayan azahar sai ga ta da jikanta, yana ɗaga murya cewa an cuci kakarsa. Na ba da labarin ne a matsayin misalin haƙurin da na yi da masu neman fitina.

Malamin bai ce na yi laifi ba. Tambayata kawai ya yi: «Malama, da wane lissafi tsohuwar take ƙirga kuɗi?» Nan take jikina ya yi sanyi. Mutanenmu da dala suke lissafi, sefa 5 ita ce dala ɗaya, sefa 1.000 jika ɗaya, dubu kuwa a bakin ƴan kasuwa dala dubu ce, wato sefa 5.000. Ashe da na ce dubu hamsin, sefa 250.000 ta ji, ta kuma ga an miƙa mata kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ya fi damuna shi ne na san wannan lissafi tun ina ƙarama, da shi nake sayen albasa da tumatir, amma da na zauna bayan gilashi sai na koma lissafin lakkwal na bar ta a baya. Tsayuwar nan da ta yi tambaya ce, kunya ce ta hana ta furta ta a gaban layin mutane.

Daga nan muka shafe yinin muna gwaji biyu biyu, ɗaya ma'aikaci ɗaya mai karɓa. Ƙa'idar ita ce kada a tambayi mutum «kin gane?», domin babu dattijuwar da za ta amsa wa ɗiyar cikinta da «ban gane ba». Sai dai a fara da «Inna, nawa ɗanki ya ce ya aiko?», a saurara har ta gama, a maimaita mata adadin da lissafinta, sannan a ƙirga a fili takarda bayan takarda. Da sauƙin faɗi, amma sau uku malamin yana tsayar da ni saboda na katse abokiyar gwajina kafin ta kai ƙarshen magana.

Rana ta uku ta juyo kanmu, domin irin wannan «to» ɗin muke yi wa shugabanmu. Yakan bayyana sabon tsari da Faransanci cikin sauri, mu amsa gaba ɗaya, kowa ya koma tagarsa ya yi yadda ya zata. A gabansa aka sa mu koyi cewa: «Ranka ya daɗe, bari in maimaita, ka ji ko na ɗauka daidai.» Na yi zaton zai ji an raina shi, sai ga shi yana cewa ya daɗe yana mamakin yadda umarni ɗaya ke haifar da aiki iri huɗu.

Ba zan ɓoye ba, sabuwar hanyar tana cin lokaci, kuma a makon Sallar Layya, lokacin da layi ke kaiwa bakin titi, na baya sukan yi gunaguni. Duk da haka ban koma tsohuwar ba. A watan jiya tsohuwar nan ta Keita ta dawo ita kaɗai. Na gaishe ta, na tambayi labarin ɗanta, na ce nawa ya ce ya aiko, ta ce jika talatin. Na ƙirga mata takarda uku ta jika goma goma a kan katako, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce: «Sun cika, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka.»