Asabar a Garwa: na wuni ina neman ƙofar da iska ke shiga

Yau kwana shida ke nan tsohuwar Hilux ɗina tana yi mini wani hali da safe, kuma gobe Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa, ga buhunan albasa ashirin na mutane da na yi alkawarin kaiwa kafin rana ta ɗaga. Saboda haka da na dawo daga sallar asuba ban koma ɗaki ba, na sa tsohuwar rigar aiki, na ɗauko akwatin sifanu, na buɗe bonet tun hazon hunturu bai washe ba.

Halin nata shi ne, idan ta kwana, ina murɗa makulli sai ta tashi nan take kamar lafiyarta ƙalau, ta yi ɗan lokacin da bai wuce a karanta Fatiha ba, sannan ta yi tari ta mutu. Daga nan sai a yi ta ba ta kik har batir ya fara nishi kafin ta sake kamawa, amma da zarar ta kama, za ta wuni tana aiki ba gardama. Motar ƙirar 1994 ce, mai injin gas da ake kira 3L, silinda huɗu, lita 2.8, babu kwamfuta a cikinsa, kuma wannan ne ya sa nake iya taɓa shi da hannuna. Ranar Alhamis wani bakanike a unguwar Yelwa ya saurare ta na minti biyu, ya ce babban famfon mai ne ya gaji, a kwance a kai wa masu saiti. Kuɗin da ya ambata ya kusa cinye ribar wata guda, kuma abin da ya fi damuna shi ne ko sifana bai ɗauka ba kafin ya yanke hukunci.

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na auna batir da mita ya nuna 12.6, na kankare kawunansa, na saurari ƙarar ɗan maɓallin da ke buɗe wa famfo mai idan an murɗa makulli, na ji yana cewa ƙas kamar kullum. Na cire ƙarfen da ya haɗa hita huɗun da ke ɗumama silinda kafin injin ya tashi, na auna su ɗaya bayan ɗaya, duka suna da rai. Dama ban zarge su sosai ba, domin injin da hitarsa ta mutu tun farko yake ƙin tashi, yana fitar da farin hayaki yana karkarwa, ba ya tashi da kyau sannan ya mutu.

Ina cikin haka Kawu ya fito da butarsa, ya tsaya a kaina yana kallo. Shekaru da yawa ya yi yana jan babbar mota tsakanin Ngaundere da Njamena, kuma har yanzu kunnensa ya fi na samarin gareji.

Ya ce, "Kai yaro, kafin ka ba ta kik da safe, ka taɓa danna ɗan famfon hannun da ke kan filta?"

Na ce, "A'a, Kawu, sai bayan ta mutu nake dannawa."

Ya ce, "To danna yanzu, ka gaya mini abin da babban yatsanka ya ji."

Na danna, sai na ji shi laɓo-laɓo, ba tauri ko kaɗan, sai da na yi wajen sau talatin kafin ya yi ƙarfi. Na murɗa makulli ta tashi, kuma ba ta mutu ba. Kawu ya kaɗa kai ya ce man ne yake komawa tanki cikin dare, kuma ba zai koma ba sai in iska ta sami ƙofar shiga.

A nan na fahimci abin da ya ruɗe ni mako guda. Wannan injin ba shi da famfon lantarki a cikin tanki da zai turo mai gaba. Babban famfon da ke jikin injin shi ne yake zuƙo man tun daga baya, ya ratso ta bututu da filta, kamar mai shan kunu da tsinken kara. Tun da zuƙa ake yi ba turawa ba, idan tiyo ya tsage, mai ba ya tsiyayowa waje balle a ga jiƙa ko ɗigo a ƙasa, iska ce kawai take shiga ciki. Ni kuwa kullum ina leƙa ƙarƙashin mota ina neman ɗigon gas, in ga ƙasa a bushe, in ce layin mai lafiya yake. Ɗan man da ya rage a cikin famfo shi ne yake tayar da ita da safe, idan ya ƙare sai iska ta biyo baya.

Sanin ciwo daban, gano inda yake daban. Na kwance ɗan murfin da ke gindin filta na tara tsohon kofin shayi, sai ga ruwa ya fara fitowa, kusan cokali uku, launin ƙasa-ƙasa, sannan gas ya biyo. Wannan laifina ne, domin sau biyu a watan jiya na sayi man jarka a bakin hanya saboda sauƙin farashi, alhali na san irin wannan famfon da man da ke ratsa shi yake samun santsi, ruwa kuwa tsatsa yake haifar masa. Na hau babur na sayo sabuwar filta, na shafa wa robarta ɗan mai, na ɗaura da hannu, na yi ta dannawa har iska ta fita. Na ɗauka an gama.

Kawu bai yarda ba. Ya aiki ƙanena ya sayo tiyo mai haske, irin wanda magina ke auna daidaiton gini da shi, muka yanki kamu ɗaya muka sa tsakanin filta da famfo, muka tayar da injin. Na durƙusa na zuba wa tiyon ido. Man yana wucewa garai-garai, amma can ba jimawa sai ga ƙananan kumfa uku a jere kamar ƙwayoyin carbi, su wuce, a ɗan jima wasu su biyo. Da ƙanena ya taka totur sai suka zama jerin gwano. Ashe filtar da na kashe wa kuɗi ba ita ce ƙofar ba, ko da yake ba na nadamar canza ta bayan ruwan da na gani.

Muka mayar da tiyon mai haske ɗaya gefen, wato inda mai ke shigowa daga tanki, muka cire baƙin tiyon da ke wurin. Kumfa ta ɗauke ɗif. Na ɗauki tsohon tiyon na juya shi a rana ban ga komai ba, sai da na lanƙwasa bakinsa daidai inda ƙarfen matsewa ya shekara yana cizonsa, sannan tsaga ta buɗe baki, tsawonta bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Robar ta bushe ta yi tauri kamar busasshiyar fata, kuma ba abin mamaki ba ne ga abin da ya sha zafin Garwa na watan Maris da Afrilu shekara da shekaru, ga zafin injin a kai.

Muna jiran a kawo sabon tiyo Kawu ya shiga labarin da ya saba, na yadda sojojin Chadi suka ƙwace garin Fada daga hannun Libiya a watan Janairun 1987 a kan irin waɗannan motoci, har Turawa suka sa wa yaƙin sunan Toyota. Ya ce motar da ta fuskanci tankar yaƙi ga ta yau tsagar roba ta durƙusar da ita. Na yi dariya, amma hankalina yana kan sitata mai ba injin kik, wadda na yi mako guda ina azabtarwa, har na fara jin ƙaurinta shekaranjiya.

Bayan la'asar na sa sabon tiyo na ainihin mai da sababbin ƙarafan matsewa biyu, na cire na maginan, domin gas yana busar da irinsa cikin ɗan lokaci. Na bi sauran layin da hannu har zuwa tanki, ina kwance a kan buhu, ƙura tana zubo mini a ido. Sannan na fita gwaji ta hanyar Marwa har na hango dutsen Tingilin sosai, na juyo. Ta ja da kyau, amma wannan ba shaida ba ce, domin dama da rana ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Da magariba na ajiye ta a kan gangaren ƙofar gida, hancinta sama, tanki ƙasa, yadda in har akwai sauran tsaga man zai fi saurin komawa. Kawu ya hana kowa taɓa famfon hannun kafin safiya, har ya sa na ɗaure bonet da igiya saboda yara. Masu albasa sun ce za su iso da ƙarfe shida.