Da ke ce a bakin kogon, za ki yi magana?

Hutun da ya wuce ƙanwata ta zo min da wani tsohon littafin Turanci da ta tsinta a wajen masu gwanjon littattafai, bangon ma ya rabu biyu an liƙe da salatif, tace Yaya dan Allah ki karanta wannan ina son mu yi magana a kai. Shekarunta sha biyar, kuma ita irin yaran nan ne masu son labaran bayan duniya ta rushe, inda kowa ya mutu sai 'yan tsiraru. Ni da ban cika damuwa da su ba. Amma wannan, Z for Zachariah, dare biyu na gama shi kuma har yau bai sake ni ba.

Wani Ba'amurke ne ya rubuta, Robert C. O'Brien, ya rasu a 1973 bai ƙarasa ba, matarsa da 'yarsa suka ƙarasa daga bayanan da ya bari, ya fito a 1974. Lokacin ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, mutane na kwana da tsoron bam ɗin nukiliya.

Labarin wata yarinya ne Ann Burden, sa'ar ƙanwata, tana rubuta abin da ke faruwa da ita kullum. An yi yaƙin nukiliya, iyayenta sun fita neman ko akwai wanda ya rage basu dawo ba, ta yi shekara guda ita kaɗai a wani kwari da gubar bata shiga ba, tana noma tana tatsar shanu. Wata rana sai ta hango hayaƙi daga nesa, kullum yana matsowa. Duk wanda ya yi shekara bai ji muryar ɗan Adam ba ai ka ce da gudu zai tare shi, amma ita sai ta kwashe kayanta ta haye kogo ta ɓuya tana leƙe, don ta taɓa jin yadda mutane suka koma a rediyo kafin tashoshin su yi shiru.

To ga wurin da muka yi ta musu. Rafi biyu ne a kwarin, ɗaya mai kyau, ɗayan daga waje yake gangarowa kuma komai na cikinsa ya mutu. Mutumin, John Loomis, ya iso cikin rigar kariya daga guba, ya ga ganye kore bayan watanni yana tafiya cikin matacciyar ƙasa, murna ta kwashe shi ya tuɓe ya faɗa rafin nan mai guba yana wanka. Ann na sama tana kallo, ta san ruwan ba lafiya, bata ce uffan ba.

Muna tsinke zogale a tsakar gida nace mata ni fa wannan shirun ya tsaya min a rai, ihu ɗaya za ta yi ta tsirar da shi. Ƙanwata ta ajiye tiren tace “Yaya, ihu ɗaya kuma ya san akwai mace ita kaɗai a wajen, ba uba ba wa ba maƙwabci, ke da ke ce za ki yi?” Wallahi sai na rasa amsa, don na san tun tana ƙarama mu muke ce mata kar ta buɗe ƙofa ga wanda bata sani ba, kuma mu ɗin ne dai muke ce mata baƙo rahama ne, duka biyun gaskiya muka faɗa mata, ba mu taɓa faɗa mata wanne za ta ɗauka ba in sun haɗu a rana ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da shi ita ta sauko ta yi jinyarsa, abinci, ruwa, wanke shimfiɗa, har coci take zuwa tana masa addu'a. Cikin zafin zazzaɓi yana sambatu ta gane ya harbe abokin aikinsa Edward saboda rigar nan, guda ɗaya ce su kuma su biyu, ta duba rigar ta ga ramukan harsashi an toshe. Duk da haka bata daina jinyar ba. Ya warke, sai ya fara mulki, daga wannan za a shuka a nan, zuwa shigar mata ɗaki cikin dare. Ta gudu ta koma kogo, ya cire makullin tarakta, ya sa wa shagon kwarin da take ɗibar kayan abinci kwaɗo, ya harbe ta a ƙafa don ta kasa gudu.

Ƙanwata tace ai tun nan ya kamata ta bindige shi, bindiga na hannunta, ba alƙali ba ɗan sanda, wa zai tambaye ta. A nan kam ban bi ta ba. Loomis da ya kashe Edward shi ma lissafin da ya yi kenan, wa zai tambaye ni. Ann ta ɗauke rigar da dabara, ta tsaya ta jira shi a bakin kwarin ta faɗa masa ido da ido ta san abin da ya yi, ta bar masa gonar da ruwan da gidan ubanta, ta juya masa baya alhali yana riƙe da bindiga. Bai harba ba. Ya ɗaga murya yace ya ga tsuntsaye na shawagi ta yamma, ita kuma ta nufi can.

Ƙanwata har yanzu tana ganin cuta ce, mai gida ta fita baƙo ya gaje. Ban ce mata ba cuta ba ce. Abin da ya sa ta kuka ma daban, karen gidan ne Faro, wanda Loomis ya ɗaure yana bin sawun Ann da shi har ya faɗa rafin nan ya mutu, tace shi me ya yi. Ta koma makaranta da littafin cikin akwati, an ƙara masa salatif, wai ƙawayenta uku na layi.