Ɗan wa aka miƙa wa Nasara?

A Damagaram gidaje da yawa suna da tsohon sojan Faransa a zuriyarsu, kuma labarin da ake ba yara kusan ɗaya ne: ya hau teku, ya ga ƙanƙara, ya dawo da lambobin yabo da Faransancin bariki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi ya zama shi ne ya tafi, ba ɗan gidan da ke kusa ba.

Namu wan kakata ne ta wajen uwa. A wani ƙauye na ƙasar Magarya aka haife su, ubansu ya rasu suna ƙanana, uwarsu ta riƙe su da sayar da fura. Tun dokar 1919, kowace shekara ƴan ɗaukar soja kan zagayo, kumandan da hafsa da likita. A tara samari masu kamar shekara ashirin, likita ya duba ƙirji da haƙora, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. A takarda ke nan. Amma saurayi ba ya isa gaban likita sai an kawo shi, masu kawowa kuwa sarki ne da masu gari. Ɗan sarki ba ya cikin layi. Ɗan attajirin da raƙumansa ke hanyar Kano ba ya ciki. Ɗan malam sai a ce ya tafi gabas karatu. Wa ya rage? Marayu, ƴaƴan baƙi, da ƴaƴan bayin da aka ce an ƴanta amma suna nan ƙarƙashin iyayengijinsu. Kakata takan ce mini: "Ɗan nan, ba ƙarfi aka duba ba, gata aka duba."

Abin ya samo asali tun farko. Da Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, ya kafa rundunar baƙaƙen sojan Faransa a can a 1857, bayi da yawa aka fanso daga hannun masu su aka sa musu kaki. Irinsu na cikin waɗanda suka shigo Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Daga baya kowane baƙin soja, Bahaushe ne ko Bazabarme ko Babarbare, da zarar ya sa jar dara sai a kira shi sojan Senegal.

Mu nan muna da ƙofar da wasu ƙasashen ba su da ita: iyaka. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗauka, samari su sulale cikin dare zuwa Daura ko Kazaure, ƙasar Ingilishi. Wan kakata bai gudu ba, kuma ba na ganin jarunta ce ta tsayar da shi. In ya gudu, uwarsa za a tsare, ko a kama ƙanensa.

A 1939 aka tafi da shi yaƙin duniya na biyu, a 1940 Jamusawa suka kama shi. Ya yi sa'a, don a watan Yuni na shekarar an harbe baƙaƙen fursunoni a wurare irin su Chasselay. Jamus ba ta so su a ƙasarta, sai ta tsare su a sansanoni cikin Faransa. Wasu daga cikin irin waɗannan fursunonin ne sojan Faransa ya buɗe wa wuta a Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, don sun nemi kuɗin da suke bi. Hukuma ta ce mutum 35, masana tarihi suna cewa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Amma ni inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne gidan da ya bari. Ya tafi da sabon aure. Shekara ta zo ta wuce, ba wasiƙa, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi. Gonar ta gagari tsohuwa da yaro, rabinta ta koma saura. Iyayen amarya suka yi haƙuri iyakar yinsu, daga baya suka je gaban alƙali aka raba auren, kuma ban ga laifinsu ba. Uwarsa ita kaɗai ta ƙi a yi masa sadaka. Ta ce ba ta ga gawa ba. Ta rasu ana saura kaɗan ya dawo. Ita ba ta da lamba, ba ta da littafin soja, sunanta ma sai da na yi ta tambayar tsofaffin matan dangi kafin na same shi.

Da ya dawo bai iya zama ƙauye ba. Mutumin da ya ga Nasara yana kuka cikin rami ba zai tuɓe takalmi ya durƙusa wa mai garin da ya miƙa shi ba. Ya taho Zinder, ya kama aikin gadi, ya sake aure, ya sa ƴaƴansa lakwal a lokacin da manyan gidaje ke ɓoye nasu. Daga nan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka fito a danginmu. Kafin nan kaki ya fara daraja, har gidajen sarauta suka soma tura nasu da hannunsu. Seyni Kunce, ɗan gidan sarautar Fandu, ta makarantar ƴaƴan soja ya shiga, ya yi Indocina da Aljeriya.

Wasu jikokinsa sun fi son a ce shi ya kai kansa. Na gane dalili, babu mai son a tono cewa kakansa maraya ne da ba mai tsaya masa. Ni dai ina faɗa wa ƴaƴana yadda kakata ta faɗa mini, har da mai garin, har da furar.

Fanshonsa kuwa Faransa ta daskarar da shi da dokar 1959, wato ta tsayar da shi inda yake ba ƙari, kamar na duk sojojin ƙasashen da suka samu mulkin kai. Tsohon soja Bafaranshe da suka sha tsare tare yana karɓar ninkin-ba-ninkin nasa. Sai a 2007 aka fara daidaitawa, aka cika a 2011, shi kuwa ya daɗe a ƙasa.